Shiga Jami'a Daga Aji Biyu: Abin da Ɗan Manomi Ke Samu da Abin da Ke Kuɓuce Masa

A ƙauyukan da ke tsakanin Bichi, Ɗambatta, Makoɗa da Kunchi, inda gona ke manne da gona har babu sauran daji, ɗalibai da yawa yanzu ba ta ƙofar UTME suke shiga jami'a ba. Suna zuwa da sakamakon IJMB, ko takardar NCE, ko difloma, a ɗauke su kai tsaye zuwa aji biyu. Hanyar tsohuwa ce. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da IJMB tun shekarun 1970, kuma makarantar CAS ta Kano ta daɗe tana shirya ɗalibai a kanta. Sai dai yau ta zama hanyar ɗan talakan karkara, kuma tana yanke masa hukunci a kan kwas ɗin da zai karanta tun bai san ana yankewa ba.

Dalilin farko lissafin gida ne. Rabon gado ya tsattsaga gonakin wannan yanki, magidanci na riƙe da 'yan filaye na gero da dawa da wake, kuɗi kuwa ba ya shigowa sai da kaka, ko ranar da aka kai rago kasuwa. Mai irin wannan hali ba zai iya biyan kuɗin JAMB shekara bayan shekara yaro na zaune a gida ba, balle bayan ƙarin kuɗin rajista da Jami'ar Bayero ta yi a 2023. Mutane kan ce IJMB tana rage shekara guda. A gaskiya ba ta ragewa, domin ita ma shekara ce ta kuɗin makaranta da haya da abinci. Abin da take ceto shi ne shekarar zaman jira, wadda a nan takan ƙare da tafiya ci-rani ko aure.

Akwai kuma kusanci. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta suna bakin ƙofa. Saurayi zai yi karatu ya kuma kama noman farko da maimai, uba kuwa ya fi sakin jiki ya bar 'yarsa ta je Bichi a kan ta yi nisa. Wanda ya rasa kiredit a Turanci ko Lissafi ma yakan samu sararin sake zama NECO yana cikin karatu.

Matsalar tana farawa a ranar cike fom. IJMB darussa uku ce, kuma su ne ke buɗe ko rufe tsangaya. Yaro ya zauna gaban mai kwamfuta a shagon intanet, a tambaye shi haɗin da yake so, ya waiwayi abokinsa ya faɗi abin da ya ji. Wanda ya bar Lissafi ya yi sallama da injiniyanci. Wanda ya ɗauki haɗin likitanci, makinsa bai kai ba, sai a tura shi duk sashen da ke da gurbi. Mai NCE galibi Tsangayar Ilimi ce makomarsa, kuma shekara uku a kan uku zai yi kafin ya riƙe digirin da wani ya samu a huɗu. Ni dai na fi ganin dacewar mai diflomar noma da ya wuce tsangayar aikin gona, don ga madatsun Watari da Thomas suna jiran wanda ya san ƙasa da ruwa a ilmance.

Bayan an samu gurbi sai a tarar da wani tudun. Sabon ɗalibi na shiga aji biyu cikin mutanen da suka shekara tare, sun san malamai, sun san ɗakin karatu. A kan darussan ajinsa za a ɗora masa wasu na bai-ɗaya, irin Turanci, da sauran suka gama tun bara. Da yawa kan cika fom ɗin rajista maƙil don gudun ƙarin zango, sai nauyi ya rinjaye su, su kwashi kariyoba tun zangon farko. Kuma da yake jimillar makinsa daga aji biyu za a fara ƙirga ta, faɗuwa ɗaya ta fi yi masa illa fiye da wanda ya taho daga aji ɗaya. Sabon tsarin manhaja na CCMAS, wanda hukumar NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, don haka abin da aka koyar a aji ɗaya a Bayero ba lalle ya zo daidai da na jami'ar Wudil ba, balle da abin da yaro ya karanta a makarantar share fage.

Sai kuma ɓarnar 'yan damfara. A 2023 JAMB ta bayyana cewa cikin takardu 148 na masu neman shiga aji biyu da Jami'ar Bayero ta tantance, 6 kaɗai aka samu na gaskiya. Tsaurin da ya biyo baya daidai ne, amma jeka-ka-dawo na tantancewa ya fi cin ɗan ƙauye mai takardar halal, wanda kowace shiga birni kuɗin mota ce daga rumbu.

Duk da haka ban ga dalilin guje wa wannan hanya ba, gyara take so. Lokacin da gwamnatin Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, ta nuna cewa ɗan karkara na kaiwa likita da injiniya idan an ɗora shi a kan turba da wuri. Abin da ake bukata yanzu bai kai wannan tsada ba: malami guda a kowace sakandare da ya san ƙasidar JAMB, ya zauna da 'yan ajin ƙarshe kafin su zaɓi haɗi, sannan kowane sashe a jami'a ya ware mai ba masu shigowa aji biyu shawara kafin su sa hannu a fom ɗin rajista.