Ko Ka Sani? Awa Nawa Ne Daga Katsina Zuwa Jidda?

Tara alhazai uku, na Ƙanƙara da na Faskari da na Sabuwa, ka tambaye su awa nawa jirgi ya yi da su zuwa Jidda. Da wuya bakinsu ya zo ɗaya, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Nisan dai ba ya sauyawa. Daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua na Katsina zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda kusan kilomita 3,500 ne a miƙe. Jirgin alhazai kan lula sama har kilomita 10 ko 11, inda iska ba ta da kauri, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda. Awa huɗu ke nan, in an haɗa da tashi da sauka a ce huɗu da rabi zuwa biyar. Da wannan gudun, hanyar da maniyyacin Sabuwa ke wuni a kanta, ya bi ta Funtuwa da Malumfashi kafin ya isa sansanin alhazai, tafiyar kamar kwatan awa ce.

Mai fara rikita lissafin shi ne agogo. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe goma na dare ya sauka biyar na asuba zai rantse awa bakwai ya yi, alhali biyar ne. Ran dawowa kuma sai ya ga kamar uku, ya yi ta yabon direban jirgi a banza.

Sai iska. Wasu na cewa tafiya gabas ta fi sauri, amma wannan zancen masu zirga-zirga ne tsakanin Amurka da Ingila, inda guguwar can sama ke kaɗowa daga yamma. A sararinmu da damina akwai wata mai ƙarfi da ke tasowa daga gabas, ita kuwa mai dawowa gida take turawa, ta danne mai tafiya.

Babbar matsalar ita ce hanya. Miƙaƙƙen layin ya ratsa Chadi da Sudan ya tsallake Bahar Maliya, kusan sawun da kakanninmu suka bi a ƙasa, suna yada zango suna noma don neman guzuri, har wasu suka zaune a Sudan, irin mutanen Mai Wurno da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jirage suka riƙa yin zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa, kamfanonin jigila suka nemi hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta yi musu ƙarin kuɗi a kan kowace kujera, ana saura 'yan makonni a fara kwasar maniyyata.