Gubar Dalma: Cutar Da Ke Bin Mutum Daga Goyo Har Furfura

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ɓoye arziki cikin duwatsu, ya kuma ba ɗan Adam hankalin rarrabe abin da zai amfane shi da abin da zai cuce shi. Bayan haka, wannan bayani ne a kan dalma, wadda waɗansu ke kira darma, da abin da likitoci suka gano game da ɓarnar da ta ke yi wa ƙwaƙwalwar mutum da halinsa, tun yana goye har ya tsufa. Maganar ta fi shafar masu haƙar zinariya da iyalinsu, amma duk magidanci yana da rabo a cikinta.

Abin Da Ya Auku A Zamfara

Cikin watan Maris na shekara ta 2010, ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka suna zagaya ƙauyukan Jihar Zamfara don su duba ko sanƙarau ya ɓulla, gama bazara ce lokacinsa. Da suka shiga ƙasar Anka da ta Bukkuyum sai suka iske abin da ya ɗaure musu kai. Yara ƙanana na ta mutuwa. Yaro ya kan fara da amai da ciwon ciki, sa'an nan jijjiga ta kama shi, ya sume, bayan 'yan kwanaki a kai shi makwancinsa. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi kome ba. Tun kafin wannan ma agwagin ƙauyukan sun yi ta mutuwa, ba wanda ya kawo wani abu a ransa. Sai da aka aika da jinin yaran ƙasar waje aka auna, sa'an nan aka gane dalma ce.

Cikin watan Mayu da na Yuni masana daga cibiyar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka suka zo, suka haɗu da ma'aikatan lafiya na Nijeriya, suka bi gida gida a ƙauyuka biyu, watau Dareta da 'Yargalma. Suka ƙidaya yara 463 waɗanda ba su kai shekara 5 ba, suka tarar 118 daga cikinsu sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Yawancin waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin cikawarsu. Likitoci suna auna dalma da wani ɗan ƙanƙanen ma'auni da a ke kira maikirogiram, cikin kowane desilita na jini. In awon yaro ya kai 45, lalle sai an ba shi maganin fitar da gubar. Cikin yara 204 masu rai da aka auna, 198 sun kai wannan haddi ko sun zarce shi. Da aka haɗa lissafin ƙauyukan duka, yaran da suka rasu sun kai 400.

Asalin abin kuwa shi ne kuɗin zinariya ya hau ƙwarai a kasuwannin duniya a waɗannan shekaru, talakawa suka duƙufa haƙa, domin abin da mutum zai samu a rami ya fi na gona nesa. Dutsen da su ke haƙowa kuwa a haɗe ya ke da dalma mai yawa. Maza su kan kwaso shi cikin buhuna su kawo gida. A farfasa da guduma, a daka a turmi, ko a niƙa da injin niƙa irin na hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta kan sauka a kan tabarma da ƙwarya da hatsin da aka baza. A waɗansu wurare da aka ɗebi ƙasa aka auna, an sami dalma ta wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙasar. Iyaye na neman abin da za su ciyar da 'ya'yansu, ba su san abin da suka shigo da shi ba.

Dalilin Da Ya Sa Ta Fi Kama Yara

Yaro mai rarrafe a ƙasa ya ke wuni, kome ya taɓa kuwa sai ya kai baki. Ban da wannan, hanjin yaro ya kan tsotsi dalmar da ya haɗiya ninki huɗu ko biyar fiye da na babba, balle in yaron na fama da yunwa ko ƙarancin jini. Jiki kuma ba ya rarrabe ta sosai da kalsiyam, watau sinadarin da ke gina ƙashi, wanda har wa yau jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi. Saboda haka sai ta shige inda kalsiyam ke shiga, ta ɓata aikin. In ta yi yawa ƙwarai ƙwaƙwalwa ta kan kumbura, shi ne mafarin jijjiga da suma. Wanda ya tashi daga wannan, mai yiwuwa ne ya tashi makaho, ko kurma, ko da shanyewar gaɓa.

To, waɗannan a fili su ke, kowa na iya gani. Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne halin yaron da bai taɓa kwanciya ba, ko wanda ya kwanta ya tashi garau. A dā likitoci suna tsammanin in yaro ya warke, magana ta ƙare. Cikin 1943 wani likita mai suna Randolph Byers da abokiyar aikinsa Elizabeth Lord, a birnin Bostan na Amurka, suka bi sawun yara 20 da aka sallama daga asibiti a kan sun warke daga gubar dalma. Suka tarar 19 daga cikinsu ba su iya karatu yadda ya kamata, waɗansu kuwa ga rashin natsuwa da saurin kai hannu.

Cikin 1979 wani likita kuma, Herbert Needleman, ya fito da wata dabara. Ya san dalma ta kan taru a haƙori kamar yadda ta ke taruwa a ƙashi, sai ya sa aka tattara haƙoran da yara 'yan makaranta fiye da 2,000 suka zubar lokacin famfara, a garuruwa biyu kusa da Bostan. Aka auna haƙoran. Aka kuma roƙi malaman yaran su faɗi halin kowane yaro a aji, alhali ba su san sakamakon awon ba. Sai ga shi gwargwadon yawan dalma a haƙori, gwargwadon yadda malami ke kukan yaron ba ya tsai da hankali, ba ya bin umurni, ba ya ƙarasa aikin da ya fara. Bayan shekara 11 aka sake neman waɗansunsu, aka tarar masu dalma da yawa sun fi sauran barin makaranta ba su gama ba, sun kuma fi su wahalar karatu. Yawancin yaran nan ba a taɓa cewa ba su da lafiya ba. Nawa ne irinsu suka sha bulala a hannun malam ko uba a kan taurin kai, alhali guba ce ke aikinta?

Wani bincike da aka daɗe ana yi shi ne na garin Dunidin a ƙasar Niyu Zilan, inda a ke bin mutum fiye da 1,000 da aka haifa cikin 1972 da 1973. A zamanin yarintarsu man fetur na ƙasar yana da dalma a ciki, kowa na shaƙar hayaƙinta, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. An auna jinin 565 daga cikinsu suna da shekara 11. Da suka kai 38 aka gwada basirarsu, aka ga duk ƙarin awo 5 na dalma a yarinta yana tafe da ragin maki wajen ɗaya da rabi a gwajin, kuma waɗanda awonsu ya fi hawa sun ƙare a ayyukan da ba su kai na iyayensu daraja ba. Ragin maki ɗaya ko biyu ba ya bayyana ga mutum guda. Amma in ya auka wa yaran gari duka, garin zai ji a jikinsa ran da ya nemi malamai da alƙalai daga cikinsu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani awo na dalma a jini da za a ce ba shi da lahani ba.

Babba Da Sana'arsa

Wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a cikin shekara ta 1700. A ciki ya gargaɗi likitoci su riƙa tambayar majiyyaci irin aikin da ya ke yi. Gargaɗin yana nan da amfaninsa har gobe. Mai fasa dutse ko mai niƙa shi, ko mai narka tsohon batirin mota, ya kan zo asibiti da murɗar ciki da maƙarƙashiya, da ciwon kai, da mantuwa, da saurin fushi wanda iyalinsa ba su san shi da shi ba. Wani wuyan hannunsa ya kan saki har ya kasa ɗaga shi. In abin ya daɗe sai hawan jini da ciwon ƙoda, har da ƙarancin haihuwa. In ba a tambayi sana'arsa ba, sai a yi ta maganin abin da ba shi ne ba.

Dalma ba ta daɗewa a jini, cikin wata guda rabinta ya kan bar shi. Amma ba duka ke fita daga jiki ba. Ta kan koma cikin ƙashi ta kwanta shekaru da yawa, har fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin babba a ƙashi ta ke. Yarinyar da ta yi rarrafe cikin ƙurar nan, ran da ta girma ta ɗauki ciki, jikinta zai ɗebi kalsiyam daga ƙashinta don gina na ɗan tayi, dalmar kuwa ta biyo shi, ta ratsa mabiyiya ta isa ga jaririn da bai taɓa ganin rami ba. Haka kuma in tsufa ya zo ƙashi ya fara zaizayewa, ta kan sake fitowa. A Bostan an auna ƙashin ƙwauri da ƙoƙon gwiwar tsofaffin maza da na'urar hoto, aka tarar masu dalma da yawa a ƙashi sun fi samun hawan jini, basirarsu kuma ta fi saurin raguwa.

Magani Da Iyakarsa

Akwai maganin sha da ke kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Da shi aka ceci dubban yara a Zamfara, mace-macen suka ragu ƙwarai. Amma yana da iyaka biyu. Na farko, yana ceton rai, ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa. Na biyu, aikin banza ne a ba yaro magani a kuma mai da shi gidan da ke cike da ƙurar. Don haka sai da aka bi gidaje aka kankare ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna, aka kai ta nesa aka binne, aka zuba sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai haka cikin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi jiran kuɗin aikin har 2013, yaranta na zaune cikin gubar. Cikin 2015 abin ya sake ɓulla a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Likitoci Marasa Iyaka sun danƙa aikin Zamfara a hannun hukumomin jihar cikin 2022, bayan sun auna yara fiye da 8,000.

Cewa mutane su bar haƙa ba ta ɗorewa, domin mai yunwa ba ya jin kira. Abin da aka gwada ya yi amfani shi ne gyara yadda a ke aikin. A yankin Shikira na ƙasar Rafi an koya wa masu haƙa su riƙa fesa ruwa sa'ad da su ke fasa dutse da niƙa shi, su yi wanka su sake tufafi kafin su koma gida. Dalmar da ke tashi cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin 100, awon jinin ma'aikatan kuma ya sauka da wajen sulusi cikin wata 19.

Waɗansu Ƙofofin Da Ta Ke Shigowa

Kada wanda ke nesa da ramin zinariya ya ce ba ruwansa. A wata unguwa ta bakin birnin Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 sun rasu tsakanin 2007 da 2008, domin iyayensu na tankaɗe ƙasar wurin da a ke fasa tsofaffin batura suna tsintar dalma su sayar. Sa'an nan ga kwalli. Da yawa daga cikin wanda a ke sayarwa a kasuwa dutsen dalma ne aka niƙa. Cikin 2011 an sami wani jariri a Bostan da dalma a jininsa, da aka bincika sai aka tarar daga tozalin da aka kai masa daga Nijeriya ne, wanda kashi 82 cikin 100 nasa dalma ce. Jariri ya kan murza ido ya kai hannu baki, ta nan ta ke shiga. Dalmar man fetur kam an rabu da ita, gama ƙasa ta ƙarshe ta daina sayar da irin wannan mai cikin 2021.

To, abin da ya wajaba a kan mai wannan sana'a kaɗan ne, yana kuwa cikin ikonsa. Kada dutsen haƙa ya ƙetare ƙofar gida, a yi fasa da niƙa can bayan gari, nesa da rijiya. A jiƙa dutse kafin a taɓa shi. Turmin dutse da buhunsa kada su koma ga hatsi har abada. Ma'aikaci ya wanke hannu kafin ya ci abinci ko goro, ya yi wanka ya bar tufafin aiki da takalmansa a wurin aiki, sa'an nan ya ɗauki ɗansa. Mai ciki da mai goyo da yara kada su kusanci wurin. Yaron da aka ga yana yawan ciwon ciki, ko ya daina wasa, ko ya yi jijjiga, a kai shi asibiti, a kuma faɗa wa likita sana'ar gidan ko bai tambaya ba.

Hakimai da dagatai da masu unguwa su ne za su iya keɓe wurin niƙa su tsare dokarsa. Limamai da malaman zaure kuwa su ne jama'a ke saurare, ya kamata su riƙa tuna wa magidanta cewa 'ya'ya amana ne, hankalin yaro kuma yana cikin amanar. Rigakafi ya fi magani, balle a cutar da maganinta ba ya mayar da abin da ta ɗauke. Allah ya tsare zuriyar jama'a, ya sa albarka cikin sana'arsu, amin.