Kiɗan Pank da Hadko a Duniya: Zaɓin Harshe a Waƙoƙin Bayan Fage

1.0 Gabatarwa

Idan wani nau'in kiɗa ya bar ƙasar da aka haife shi, yakan tafi da harshensa ya ɗora wa masu masauki, ko kuwa ya ajiye shi a bakin iyaka ya ɗauki nasu. A shekarun 1970 makaɗan zamani da yawa a Turai sun ɗauka cewa duk mai son sunansa ya fita waje, to, sai ya yi waƙa da Ingilishi. Haka ƙungiyar ABBA ta Suwidin ta yi, haka ma Scorpions ta Jamus. Ana cikin wannan hali ne wani kiɗa mai hayaniya da ake kira pank ya ɓullo a Amurka da Ingila, ya kuma haifi wani mai zafi fiye da shi, wato hadko. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda waɗannan kiɗe-kiɗe biyu suka bazu a duniya ta bayan fage, da kuma dalilin da ya sa a wurare da dama suka rungumi harsunan gida, har da waɗanda masu magana da su ba su da yawa.

Abin da ake nufi da bayan fage a nan shi ne kiɗan da ake yi, a buga, a rarraba, ba tare da hannun manyan kamfanonin faifai ko gidajen rediyon gwamnati ba.

2.0 Asali da Siga

Kalmar pank tsohuwar kalmar zagi ce a Ingilishi, kusan daidai da a ce wa mutum ɗan iska ko ɗan banza. Matasan da suka soma kiɗan sun karɓi zagin suka mai da shi suna. A Niyu Yok, ƙungiyar Ramones ta fitar da faifanta na farko a 1976, mai waƙoƙi 14 waɗanda gaba ɗayansu ba su kai minti 30 ba. A Landan kuwa, ƙungiyar Sex Pistols ta fitar da waƙar "God Save the Queen" a watan Mayu na 1977, daidai lokacin bikin cikar Sarauniya Elizabet ta Biyu shekara 25 a gadon sarauta. Zambo ne kai tsaye ga masarauta, saboda haka BBC ta hana sa shi.

Kayan kiɗan ba su da yawa: jita, da jita mai kaurin murya, da ganguna, sai mawaƙi. Waƙar gajera ce, amshinta 'yan kalmomi ne da taro zai iya ɗauka nan take, kuma ana furta ta da ihu, ba da rauji ba. Jigoginta su ne rashin aikin yi, da zaluncin 'yan sanda, da yaƙi, da gundura da rayuwar birni. Muhimmin abu shi ne rashin buƙatar ƙwarewa. Wata 'yar mujalla mai suna Sideburns ta taɓa zana wa masu karatunta kamu uku na tsirkiyar jita a 1977, ta ce da su wannan ya ishe su su kafa ƙungiya. A watan Janairu na wannan shekara ne ƙungiyar Buzzcocks ta birnin Mancasta ta ranci kuɗi kimanin fam 500, ta buga kwafi 1,000 na ƙaramin faifanta da kanta. Daga nan aka gane cewa ana iya yin faifai ba da izinin kowa ba.

Hadko kuwa, wato mai tsananin tauri, ya taso wajejen 1980 a biranen Amurka. Ya ƙara sauri, ya rage tsawon waƙa, ya kuma tsananta ƙin kasuwa. Daga cikin magabatansa akwai Black Flag ta Kalifoniya, da Bad Brains ta Washintan wadda 'ya'yanta baƙaƙen fata ne, da Minor Threat wadda waƙarta ta 1981 mai suna "Straight Edge" ba ta kai minti ɗaya ba, amma ta zama sunan wani rukuni na matasa masu ƙaurace wa giya da ƙwaya. A Ingila ma ƙungiyar Discharge ta fito da wani salon bugun ganga wanda aka kwaikwaya a ƙasashe da yawa.

3.0 Hanyar Bazuwa

Abubuwa uku suka ɗauki wannan kiɗa zuwa nesa: kaset, da injin fotokwafi, da gidan waya. Yaro a wata ƙasa zai kwafi waƙoƙin garinsu a kaset, ya aika wa wani da bai taɓa gani ba, shi kuma ya maido masa da na tasu ƙasar. Saboda tsadar aike, wasu kan shafa wa kan sarki sabulu domin a iya goge hatimin gidan waya a sake amfani da shi. Adireshin juna kuwa a 'yan mujallun da matasan ke bugawa da kansu ake samu.

Mafi tasiri a cikinsu ita ce Maximum Rocknroll, wadda Tim Yohannan da abokansa suka soma bugawa a yankin San Faransisko a 1982, ta kuma ci gaba da fitowa a takarda har 2019. Tana da fili inda kowa zai aiko da rahoton abin da ke gudana a garinsu, tare da adireshi. A 1984 ta fitar da faifai mai suna Welcome to 1984, wanda ya tattara ƙungiyoyi daga ƙasashe fiye da goma, har da Finlan da Burazil da Japan da Italiya.

Wannan tsari yana da sakamako a kan harshe. Kamfani yakan nemi waƙar da za ta sayu a ko'ina, shi ya sa yake karkata ga Ingilishi. Mai musayar kaset kuwa abin da bai taɓa ji ba yake nema. Bugu da ƙari, ƙungiyoyi da yawa sukan saka takarda a cikin kwalin faifai mai ɗauke da baitocin da fassararsu. Ta haka aka yi rabon aiki: Ingilishi ya zama harshen wasiƙa da fassara, waƙar kanta kuwa ta tsaya a harshen uwa.

4.0 Harsunan Gida

4.1 Finlan da Burazil

Harshen Finlan ba ya cikin dangin Ingilishi ko Jamusanci, kuma masu magana da shi kimanin miliyan biyar ne. Duk da haka, a farkon shekarun 1980 ƙungiyoyin ƙasar irin su Terveet Kädet ta garin Tornio da ke can arewa, da Rattus, da Kaaos ta garin Tampere, da shi suka yi waƙa, suka kuma sami masu saurare a nahiyoyi uku. Harshen yana da dogayen wasula da ɗaurin baƙaƙe kamar Hausa, sannan nauyin furuci kullum a gaɓar farko ta kalma yake sauka. Ana iya cewa wannan ya sa kowace kalma ke faɗowa tare da bugun ganga, har wanda bai ji ma'ana ba ya ji ƙarfin.

A Burazil kuwa sojoji ne suka yi mulki daga 1964 zuwa 1985. Matasan unguwannin talakawa na birnin Sawo Fawulo, waɗanda galibinsu ba su yi karatun Ingilishi ba, suka yi nasu kiɗan da harshen Fotugal. A 1982 ƙungiyoyi uku, Olho Seco da Cólera da Inocentes, suka haɗu a faifai ɗaya mai suna Grito Suburbano. A watan Nuwamba na wannan shekara aka yi taron kwana biyu na ƙungiyoyi wajen 20, wanda ya ƙare da zuwan 'yan sanda.

Ƙasashen nan biyu sun saurari juna ta hanyar kaset, har abin ya kai ga aron harshe. A shekarun 1990 an sami ƙungiya a Finlan mai suna Força Macabra da ke waƙa da harshen Fotugal saboda ƙaunar kiɗan Burazil. A Japan ma ƙungiyar Laukaus ta yi waƙa da harshen Finlan. Ga manazarcin harshe wannan abin lura ne, domin aro yakan taso ne daga harshen masu iko ko masu dukiya, amma a nan harshen da ba shi da sojoji ko kasuwa a waje aka ara, don kawai amonsa ya sami martaba.

4.2 Ƙasar Bask

A nan ne batun ya fi nauyi. Baskanci harshe ne da ba a san masa dangi ba, ana magana da shi a arewacin Sifen da kudu maso yammacin Faransa. Mulkin Janar Faranko, wanda ya ƙare da mutuwarsa a 1975, ya kore shi daga makarantu da ofisoshin gwamnati shekaru masu yawa. Masana sun fara daidaita shi a 1968, amma matasan birane da yawa sun tashi ba sa jin sa, suna kuma yi masa kallon harshen tsofaffi da manoma.

A farkon shekarun 1980 masana'antun yankin Bilbawo suka shiga durƙushewa, aiki ya yi wuya, miyagun ƙwayoyi suka yawaita. A cikin wannan hali pank ya kafu. Wasu ƙungiyoyi, kamar Eskorbuto da La Polla Records, da Sifaniyanci suka yi waƙa. Wasu kuma, kamar Zarama da Hertzainak, suka zaɓi Baskanci. Labarin ƙungiyar Kortatu ya fi nuna yadda abin ya gudana. Fermin Muguruza, mutumin garin Irun, ya kafa ta a 1984 yana yin yawancin waƙoƙinsa da Sifaniyanci, domin bai tashi da Baskanci ba. Da girmansa ya koya. Faifan Kolpez Kolpe na 1988 gaba ɗayansa da Baskanci aka yi shi, haka kuma ƙungiyar da ya kafa a 1990, Negu Gorriak, ta ci gaba a kan wannan tafarki.

Makaranta na iya koya wa yaro nahawu, amma ba ta iya sa shi ya ji harshe nasa ne. Waɗannan waƙoƙi, tare da gidajen matasa da ƙananan tashoshin rediyo masu zaman kansu irin su Hala Bedi ta garin Gasteiz, sun ba Baskanci abin da ya rasa a birni, wato damar a yi fushi da shi, a yi ba'a, a yi zagi, a yi rawa. Kwatankwacin haka ya faru a ƙasar Wels ta Birtaniya, inda ƙungiyar Anhrefn ta dage a kan Welshanci, ta kuma kafa nata ƙaramin kamfanin faifai don buga wa 'yan'uwanta.

4.3 'Yan Ci-rani a Amurka

A cikin Amurka kanta an sami masu juya wa Ingilishi baya. Ƙungiyar Los Crudos, wadda Martin Sorrondeguy haifaffen Yurugwai ya kafa tare da abokansa a Shikago a 1991, da Sifaniyanci ta yi waƙoƙinta a kan halin da baƙin haure ke ciki. Masu saurarenta Turawa sun tarar da kansu a matsayin da iyayen mawaƙan suka saba zama, wato jiran a fassara musu.

5.0 Harshe da Hukuma

Waƙa da harshen gida tana da farashi, domin abin da maƙwabci ya ji, ɗan sanda ma ya ji. A Jamus ta Gabas babu mai yin kiɗa a bainar jama'a sai da takardar izinin gwamnati, kuma 'yan pank da yawa ba su samu ba, galibi ma ba su nema ba. Wasu majami'u ne suka buɗe musu ƙofa. A 1983 hukumar leƙen asiri ta Stasi ta tsananta kame, aka ɗaure 'yan ƙungiyar Namenlos saboda baitocinsu na Jamusanci da suka soki gwamnati.

A Folan, inda aka kafa dokar soja a watan Disamba na 1981, kowace waƙa sai ta bi ta hannun hukumar tacewa kafin a buga. Wata ƙungiya ta birnin Warso da ta sa wa kanta SS-20, sunan makami mai linzami na Tarayyar Sobiyat, dole ta canza zuwa Dezerter. Makaɗan ƙasar da dama sun koyi saka habaici a inda zambo ba zai wuce ba. A taron kiɗa na garin Jarocin kuwa, masu saurare kan ɗaga rikodojinsu sama su ɗauki waƙoƙin, daga nan kaset ya bi ƙasar hannu da hannu. A 1987 Maximum Rocknroll ta buga faifan Dezerter a Amurka daga sautin da aka fitar daga ƙasar a ɓoye, kuma da harshen Folan aka saurare shi.

6.0 Iyakar Batun

Bai kamata a ɗauka cewa ko'ina haka abin ya kasance ba. BGK ta Holan da Raw Power ta Italiya da Ingilishi suka yi yawancin waƙoƙinsu. National Wake ta Johanasbag, wadda aka kafa a 1978 da baƙaƙe da farare a zamanin wariyar launin fata, ita ma da Ingilishi ta fi yi, domin a wurinta haɗuwar 'ya'yanta a dandali ɗaya shi ne saƙon. Har ila yau, wasu masu aƙidar wariya sun yi amfani da wannan kiɗa wajen yaɗa ƙiyayya, kuma daga 1994, lokacin da faifan Dookie na Green Day ya sayu da miliyoyi, wani ɓangare na pank ya koma hannun manyan kamfanonin da aka guje wa tun farko. Intanet kuma ta gaji aikin gidan waya, ko da yake har yanzu akwai masu buga kaset da faifai da kansu.

7.0 Kammalawa

An ga cewa pank da hadko sun fito daga ƙasashen Ingilishi, amma abubuwa uku sun sa suka karɓi wasu harsuna: ba su buƙatar ƙwarewa ko jari, hanyar rarraba su ba ta bi ta kasuwa ba, sannan manufarsu ita ce na kusa ya ji abin da aka faɗa. Misalin Bask da na Wels sun nuna cewa daidaita rubutu da koyarwa a aji, duk da muhimmancinsu, ba su wadatar wajen riƙe matasa a kan harshe. Mai nazarin ɗorewar harshe yana da buƙatar ya duba abin da matasa ke rerawa da shi a inda malamai da hukuma ba su sa ido ba, domin a irin waɗannan wurare ne matasan Bask da yawa suka fara ɗaukar Baskanci a matsayin nasu.