Saka Katin Hoto a Kwamfutar Tebur

Katin hoto ne ke sarrafa abin da ake gani a allon kwamfuta. Wajen saka shi, akan zare wayar wuta, a buɗe akwatin, a danna katin cikin ramin PCI Express, wanda ya gaji AGP wajen 2004, har ya zauna daram. Idan allo bai nuna komai ba, galibi wayarsa na haɗe da tsohuwar kafa ne maimakon ta katin.

A Argungu da Birnin Kebbi kuwa, ƙurar hunturu ce babbar matsala. Takan toshe fankar katin, bazara ta zo da zafin da ke wuce digiri 40, kwamfuta ta mutu ana tsakiyar darasi. Shi ya sa ake hure ƙurar kafin watan Maris.