Gargaɗi ga Mawaƙan Arewa: Kada Ku Toshe Dishewar Murya da Ƙwaya

Duk shekara, da zarar hatsi ya shiga rumbu, ƙasar Arewa takan cika da kiɗa. Daga Lugu da Bagaji zuwa Matankari, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, ga aure, ga suna, ga kokawa, ga wasan bori, kuma kowane taro yana neman mai murya. A daidai wannan lokaci ne hunturu ke sauka da ƙura da bushewa. Mawaƙin da ya yi dare uku a jere yana ɗaga murya cikin ƙura da hayaƙin injin wuta yakan wayi gari na huɗu murya a dishe, alhali ya riga ya karɓi kuɗin wani bikin. Abin da yake yi a wannan safiya shi ne dalilin wannan gargaɗi. Maimakon ya huta, sai ya nufi mai tallar magani a ba shi ƙwayar buɗe murya, wani har ya ɗora tramol a kai, da dare ya koma fili. Ƴan uwana mawaƙa, zabiyoyi, maroƙa da sanƙirori, ku bar wannan ɗabi'a tun muryar tana hannunku.

Murya daga maƙogwaro take fitowa, inda Allah ya halicci wasu tantani biyu masu laushi, tsawon kowanne bai wuce santimita biyu da rabi ba. Idan iska ta taso daga huhu, sai su riƙa haɗuwa suna rabuwa da sauri. A maganar namiji ta yau da kullum sukan bugi juna sau ɗari da wani abu a daƙiƙa ɗaya, a ta mace kusan sau 200, idan kuwa aka ja waƙa sama, adadin yakan haura 400. Ke nan waƙar awa guda bugu ne na ɗaruruwan dubbai. Idan an yi bugun da ƙarfin tsiya, maƙogwaro a bushe, tantanin yakan kumbura, shi ne dishewar da muke ji. In an huta, kumburin ya sabe. In an ci gaba, wurin yakan yi kanta kamar yadda hannun manomi ke yi da ƙotar hauya, sai dai kantar hannu tana taimakon manomi, ta maƙogwaro kuwa hana tantanin rufuwa take yi, iska ta riƙa zurarewa, murya ta shaƙe. Mafi muni shi ne wata ƴar jijiyar jini ta fashe a kan tantanin, mutum yana tsakiyar waƙa murya ta ɗauke. Wanda ya ci gaba da waƙa a kan wannan rauni yana iya barin tabo, kuma tabon tantanin murya yana cikin abubuwan da har gobe suke ba manyan likitocin duniya wuya.

Akwai sauyin murya iri biyu, kuma wajibi ne mu raba su. Na farko na shekaru ne, ba wanda zai tsere masa. Yayin da mutum ke manyanta, guringuntsin maƙogwaro yakan yi tauri, tsokar tantanin ta rage kauri, numfashi ya gajarta. Muryar mace takan yi ƙasa bayan ɗaukewar al'ada, ta dattijo namiji takan sirance ta ɗan yi rawa. Wannan ba cuta ba ce. Duk wanda ya saurari faifan Mamman Shata na ƙuruciya, ya dawo ya saurari na ƙarshen rayuwarsa kafin rasuwarsa a 1999, zai ji muryar ta yi nauyi ta yi kaushi, amma ikonta a kan kalangu da kan jama'a yana nan. Haka Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013: sun tsufa suna waƙa, mutane kuma ba su daina taruwa ba. Sauyi na biyu shi ne na ɓarna, wanda ke kama saurayi ɗan shekara talatin ya mayar da muryarsa ta wanda ya gama yayi. Wannan na biyu shi nake ji wa matasanmu tsoro, kuma yawancinsa da hannu ake jawo shi.

Mawaƙan rok na Amurka da Ingila, waɗanda salonsu ya ginu a kan ihu da jan murya sama, sun riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Steven Tyler na ƙungiyar Aerosmith, wadda aka kafa a Boston a 1970, ya yi shekaru sama da hamsin yana tsaga murya a dandali. A 2006 aka yi masa aiki saboda jijiyar jini da ta fashe a maƙogwaronsa. A watan Satumba na 2023 ya ji rauni a maƙogwaro yana cikin wasa, kuma a watan Agusta na 2024 ƙungiyar ta sanar cewa ta daina yawon wasa domin muryarsa ba za ta koma yadda take ba. Jon Bon Jovi ya sha aikin tiyata a 2022 bayan ɗaya daga cikin tantaninsa ya shanye. Ba ƴan rok kaɗai abin ya shafa ba. Adele ba ta wuce shekara 23 ba lokacin da jini ya ɓalle a tantanin muryarta a 2011, ta soke wasanninta, aka yi mata aiki a Boston. Julie Andrews kuwa, aikin da aka yi mata a 1997 shi ne ya raba ta da muryar waƙa. Waɗannan mutane ne masu dukiya, masu likitoci na musamman a gefensu. Idan abin ya kai su ƙasa, me ya rage wa yaron da ke waƙa a bikin ƙauye, wanda asibitin ƙwararru ke nesa da shi da ɗaruruwan kilomita?

A cikinsu akwai kuma waɗanda suka karɓi sauyin da hankali, suka daɗe. An yi wa Elton John aikin maƙogwaro a Ostireliya a watan Janairu na 1987, yana da shekara 39. Muryarsa ta sauko ƙasa, shi kuma ya bi ta can, ya ci gaba da zagaya duniya har 2023. Robert Plant na Led Zeppelin, wanda duniya ta sani da ƙara mai tsini, ya bar kwaikwayon ƙuruciyarsa ya koma waƙa cikin natsuwa, har faifan da ya yi da Alison Krauss a 2007 ya ci babbar lambar Grammy a 2009. Darasin a fili yake: wanda ya yarda muryarsa ta girma tare da shi yakan daɗe a fage, wanda ya tilasta mata ta tsaya a shekara ashirin yakan rasa ta gaba ɗaya.

Magabatanmu sun san wannan ba tare da sun shiga ajin likita ba. Dubi tsarin waƙar Hausa ta gargajiya. Jagora ya kawo ɗiya, ƴan amshi su karɓa, makaɗa su cike, shi kuma a wannan tsakani ya ja numfashi, ya haɗiye yawu, maƙogwaro ya sarara. Amshi ado ne ga waƙa, kuma hutu ne ga mai ita. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ba ya tafiya da ƴan amshi, amma kuntiginsa ƙaramin abin kiɗa ne da ba ya tilasta wa mai shi ihu. Ko a kiɗan zamani ana iya riƙe wannan hikima. Ƙungiyar Tal National ta Yamai ta yi suna da wasan awa biyar a dare, kwana da kwanaki a mako, amma tana da mawaƙa da makaɗa fiye da waɗanda ke kan dandali a lokaci guda, suna karɓar juna.

Yau saurayi shi kaɗai ne da makirfo, bayansa kiɗan fiyano daga kwamfuta wanda ba ya gajiya, ba ya jiran kowa. Lasifikoki suna fuskantar jama'a, shi ba ya jin kansa, don haka yake ƙara ihu. A situdiyo kuma na'urar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997 ta kuma mamaye waƙoƙin finafinan Hausa, tana daidaita muryar da ta kauce, sai mawaƙi ya ji faifansa sumul ya ɗauka lafiya yake. Da can kunnen jama'a ne ke fara gaya wa mawaƙi cewa muryarsa ta gaji. Yanzu na'ura tana rufe wannan shaida, ƙwaya kuma tana rufe zafin.

Ƙwayoyin da ake kira na buɗe murya galibi dangin kotizon ne, irin su dekzametazon. Suna sauke kumburi cikin sa'o'i, mutum ya ji murya ta dawo, alhali raunin yana nan. Sai ya hau shi da waƙar dare guda, ya mayar da ƙaramin rauni babba. Yawan shan su ba bisa umarnin likita ba yana jawo hawan jini, ciwon suga, kumburin fuska, raunin ƙashi da farin ƙurji a baki da maƙogwaro. Tramol yana kashe zafin da ya kamata ya tsayar da mutum, yana kama mai shansa ya kasa bari, yana kuma jawo farfaɗiya idan an zarce. Maganin tari mai kodin, wanda Najeriya ta hana haɗawa da shigowa da shi a 2018, shi ma kama mutum yake yi. Asfirin kuwa yana tsinka jini, yana sauƙaƙa ɓallewarsa a tantanin da ya riga ya wahala. Taba da shisha da wiwi suna ƙona tantanin kai tsaye, kuma taba da giya su ne manyan masu jawo sankarar maƙogwaro, cutar da alamarta ta farko sau da yawa dishewa ce kawai, babu zafi.

Zuma da citta da kanumfari da lemun tsami suna sanyaya wuya, ba laifi a sha. Amma a sani cewa abin da aka haɗiye ta hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa tantanin murya, don da ya taɓa shi da mutum ya ƙware. Ba za su warkar da kanta ko tabo ba. Haka zuwa wurin wanzami a cire beli ba ya maganin dishewa, domin beli yana sama, ciwon yana can ƙasa inda aska ba ta kaiwa, kuma yankan yana iya kawo zubar jini da shigar ƙwayar cuta.

Abin da ke aiki ba shi da tsada. A sha ruwa da yawa tun da rana, kada a jira sai an hau fili. A rufe hanci da baki da rawani ko gyale a hanyar babur lokacin hunturu. A fara da ƴar waƙa a hankali kafin a ɗaga murya. A sa lasifika ɗaya ta fuskanci mawaƙi don ya ji kansa, a kai injin wuta nesa. A sauko da waƙa zuwa inda murya take jin daɗi. Bayan wasa, kada a cika ciki da abinci mai yaji da maiƙo a kwanta nan take, domin ƙwannafi yana tasowa cikin barci ya ƙona maƙogwaro. Idan murya ta dishe, magani shi ne shiru na kwana biyu ko uku. Raɗa da ƙarfi da yawan gyaran murya su ma wahalar da tantanin suke yi. Wannan shawara ta shafi ladan, da malamin tafsiri a watan azumi, da masu bege, da malamin makaranta mai aji cike da yara.

Akwai alamun da ba a jira da su. Idan murya ta ɗauke farat ɗaya ana cikin waƙa, a tsaya a wannan daren, ko nawa aka biya. Idan dishewa ta wuce mako uku, ko ta zo da jini a kaki, wahalar haɗiya, ƙullutu a wuya, shaƙewar numfashi ko rama, a tafi asibiti, musamman ga mai shan taba. Idan da tari mai daɗewa, a nemi gwajin tarin fuka, domin yakan kama maƙogwaro. A fara da asibitin Dogon Dutsi ko na Tibiri, a nemi takardar turawa zuwa ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda zai leƙa tantanin da madubi ko ƴar kyamara. Ana samun irin waɗannan likitoci a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kuɗin mota na da nauyi, amma bai kai nauyin zaman gida babu sana'a ba.

Asarar ba ta mawaƙi kaɗai ba ce. Duniya ta san Sarauniya Mangu da turjiyar da Lugu ta yi wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899 ta littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986. Amma kirarin sarakuna, da jerin kakanni, da taken ƴan kokawa, da waƙoƙin goge na Arawa da Gubawa, yawancinsu a bakin mutane suke. Mawaƙi ba ya cika sai ya yi shekaru yana tara sani. Idan muryarsa ta mutu kafin ya kai shekara arba'in, ta mutu a daidai lokacin da ya fara sanin abin da zai faɗa, kuma babu yaron da zai zauna a bayansa ya koya.

Saboda haka, masu biki, kada ku tilasta wa mawaƙin da muryarsa ta shaƙe ya kai asuba don kun biya. Iyayen gidan mawaƙa da masu situdiyo, ku mayar da ƴan amshi, ku bar wa yaranku ranakun hutu tsakanin wasa da wasa. Masu tallar magani, ku ji tsoron Allah, ku daina sayar da kotizon da tramol da sunan gyaran murya. Gidajen rediyon karkara, ga ranar 16 ga Afrilu, Ranar Murya ta Duniya, ku gayyato ma'aikatan lafiya su yi wa jama'a bayani da Hausa. Kai kuma ɗan uwa mai waƙa, idan ka wayi gari murya a dishe, ka mayar da kuɗin bikin, ka sha ruwa, ka yi shiru. In ta wuce mako uku, ka tafi asibiti.