Tukwici a ƙasar waje: wani wuri kyauta, wani wuri haƙƙi

Shekarar da na raka Hajiyarmu Alƙahira aka yi mata aikin gwiwa, na zauna na yi lissafin komai kafin mu bar Kano: kuɗin jirgi, na asibiti, hayar ɗaki, abinci, har tsarabar yara. Abu ɗaya ne ban sa a takarda ba, shi ne kuma ya fara kunyata ni tun a filin jirgi. Wani saurayi ya turo keken Hajiya har bakin mota, ya ɗora jakunkuna, ya tsaya. Na yi masa godiya da ɗan Larabcina na Islamiyya, bai motsa ba. Hajiya ce ta taɓo ni a hankali ta ce, "Ke 'yar nan, ai ba godiya yake jira ba."

Mu ma mun san tukwici. Idan aka aiko yaro da kwanon abinci ko aka kawo lefe, ba a barin ɗan aike ya koma hannu rabbana. Amma namu na zumunci ne, ba mai tsare ka a kansa. A Masar kuwa abin da suke kira bakshish ya shiga kowane lungu na rayuwa: mai gadin bene, mai kula da banɗaki, wanda ya nuna wa direba wurin ajiye mota, mai ɗauko kaya. Da farko raina ya ɓaci, ina ganin an mayar da mu saniyar tatsa don an ga baƙi. Sai da na lura su kansu 'yan ƙasar haka suke miƙawa, na gane albashin waɗannan mutane ne bai taka kara ya karya ba. Tun da darajar fam ɗin Masar ta faɗi a watan Maris na 2024, daga kusan fam 31 zuwa kusan 50 a kan dala ɗaya, abin ya ƙara yi musu tsanani. Dabarar da na koya ita ce tara ƙananan takardu, na fam 10 da na 20, a aljihu daban. In babbar takarda kaɗai gare ki, ko dai ki bayar da abin da ya fi ƙarfinki, ko ki wuce da kunya.

Inda na fi shiga tsaka mai wuya shi ne cikin asibiti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma a wurin aikina idan ɗan'uwan majinyaci ya cusa mini kuɗi a aljihu, mayar masa nake yi. Ba don na fi ƙarfin kuɗin ba, Allah ya sani. Majinyaciyar gadon kusa tana kallo, ita ko kuɗin magani bai cika ba, za ta kwana tana tunanin an fi kula da waccan ne don ta biya. Ga shi yau ni ce 'yar jinya, wasu 'yan'uwanmu da muka tarar suna ce mini in ban "ga" ma'aikata ba, Hajiya za ta sha zaman jira. Ban ba kowa komai ba har ranar sallama. A ranar na nemi matar da take goge ɗakin da dattijon da yake tura gado, na ba su abin da ya sawwaƙa. A ganina abin da aka bayar kafin aiki sayen kulawa ne, ko da wane suna aka kira shi.

Labarin Amurka daban ne, kuma a nan mutanenmu suka fi yin kuskure. Wata ƙawata da ta je kwas ta ci abinci, ta biya abin da ke takarda cif, ta fito. Yarinyar da ta yi musu hidima ta biyo ta bakin ƙofa tana tambaya ko ta yi musu wani laifi ne. Ƙawata ta dawo tana mita, wai roƙo ne da rigar aiki. Ba roƙo ba ne. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a can dala 7.25 ne a awa, amma doka ta yarda a biya mai karɓar tukwici dala 2.13 kacal, adadin da bai canza ba tun 1991, bisa cewa tukwici zai cike giɓin. Wasu jihohi irin su Kalifoniya sun tilasta a biya cikakken albashi, da yawa ba su yi haka ba. Shi ya sa ake barin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a gidan abincin da aka zauna aka yi miki hidima. Tsarin bai burge ni ba, mai gidan abinci ne ya kamata ya biya ma'aikacinsa. Amma hana yarinyar ba ya taɓa aljihun mai gida. In kuɗinki ba zai kai ba, sayi abin da ake miƙo miki a kanta ki tafi da shi, can ba dole.

A Landan ki duba takardar kafin ki ƙara komai, sau da yawa an riga an sa kashi 12.5 na hidima. A Faransa kuɗin hidima yana cikin farashi, ɗan canjin da kika bari alheri ne kawai. Japan kuwa ba a bayarwa sam, kina iya barin kuɗi a tebur a biyo ki da su a guje, a zaton mantuwa kika yi.

Ranar da za mu bar Alƙahira, mai gadin benenmu, wanda ya yi sati uku yana taya ni sauko da Hajiya a keke duk lokacin da na'urar hawa ta tsaya, ya kai mana kaya mota. Na haɗa sauran fam ɗin da ke hannuna na miƙa masa. Ya karɓa, ya sa a aljihu bai ƙirga ba, ya shiga ɗakinsa ya fito da ledar dabino ya ajiye a cinyar Hajiya. Ita kuma ta juyo tana tambayata ko akwai sauran canji, a ba shi tukwicin dabinon.