Mai kamara a gidan biki: kuɗɗinmu ne, hotonmu ne



Hatsi ya shiga rumbu, ƴan ci-rani sun fara aiko da saƙo, lokacin bukukuwa ya zo. Duk wadda ta aurar da ɗiya a ƴan shekarun nan ta san an samu sabon layi cikin lissafin biki. Bayan kayan ɗaki, da gara, da anko, da goro, da abincin baƙi, da makaɗa, yanzu akwai kuɗɗin mai kamara. A ƙungiyoyinmu da yawa mace na tashi ranar zubi ta nemi rance, in anka tambaye ta na mene ne, ta ce na bidiyon bikin ɗiyarta. Tunda kuɗɗin daga akwatinmu suke fita, kuma fuskokinmu ne ake ɗauka, ya kamata mu san aikin nan ciki da waje.

Ɗaukar hoton aure ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Fim ɗin da ake lissafawa a farkon finafinan ƴan Nijar, wanda marigayi Mustafa Alasan ya yi a shekarar 1962, sunansa ma Aure, kuma al'adun aure ya nuna a wani ƙauyen Zabarmawa. A 1972 marigayi Umaru Ganda ya ciyo babbar kyautar FESPACO a Wagadugu da fim ɗinsa Wazzou Polygame, shi ma zancen aure da kishiya ne. Amma wancan aikin silima ne, na nunawa duniya. Abin da ya shigo gidajenmu daga baya ya zo, zamanin kaset, lokacin da finafinan Kano sunka cika kasuwa bayan 1990, kowa ya saba da ganin Bahaushe cikin talabijin. Daga kaset anka koma faifai, daga faifai anka koma ɗan kati da ake sa wa salula. Yau biki na ƙarewa da la'asar, kafin isha'i an gan shi a Abijan.

Kada mu yi saurin cewa almubazzaranci ne kawai. Mu mutanen Kurfey mun san ci-rani. Akwai gidan da uban amarya yana Kwatano, wanta yana Libiya, ƙanwar uwarta tana aure a Yamai ba ta samu zuwa ba. Ga halin rashin tsaro da jiharmu ta Tilaberi ke ciki, wanda ya sa dangi daga wajen Abala ko Sanam sai sun yi tunani kafin su kama hanya. Waɗannan duk da bidiyo suke halartar biki. Akwai kuma wani abin: ɗaurin aure na maza ne, a ƙofar gida ko masallaci. Uwar amarya tana cikin gida, sai dai ta ji an shafa fatiha, guɗa ta tashi. Mata da yawa ba su taɓa ganin yadda waliyyi ke ba da ɗiyarsu ba sai da mai kamara ya kawo musu. Kuma shekara 5 ko 10 nan gaba, in an kunna, sai a ga tsofaffin da sunka riga mu gidan gaskiya suna dariya, suna sa albarka. Wannan ba abin rainawa ba ne.

Aikin kansa ya fi yadda muke gani wuya. Mai ɗinki in ya ɓata riga yana iya warwarewa ya sake. Mai kamara ba ya da haka. Liman ba zai sake ɗaura aure ba don batiri ya mutu, amarya ba za ta sake fita daga ɗakin uwarta tana kuka ba don kati ya cika. Shi ya sa wanda ya san aikinsa ke zuwa da batiri 2 ko 3 a cike, da kati fiye da 1, ya zo tun kafin jama'a ya duba inda rana ke faɗuwa da inda za a zauna. Ranarmu ta tsakar rana tana ƙona hoto, fuska ta yi duhu, farar shadda ta yi ƙyalli har ba a ganin aikin da ke jikinta. Ɗakunanmu kuma duhu gare su. In amarya ta ba ƙofa baya, inuwarta kawai za a gani, dole a juya ta hasken ya bugi fuskarta. Lokacin hunturu ƙura na shiga gilashin kamara, lokacin bazara zafi na sa na'ura ta kashe kanta. Sai babbar matsala, wato murya. Mutane na yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba su yafe bidiyon da ba a jin addu'ar liman ko nasihar goggo, sai ƙarar lasifika da injin wuta. Mai kamara na kirki yana da ɗan makirufo da yake kaiwa kusa da bakin mai magana.

In biki ya watse, shi aikinsa bai kai rabi ba. Zai kwashe abin da ya ɗauka ya zuba cikin kwamfuta, ya zauna yana kallo yana yankewa, yana jerawa, abin da suke kira montaj. Ɗaukar yini guda tana iya cin kwanaki ana haɗawa, ga wuta da ke zuwa tana tafiya. A nan ake gane gwani. Shi ya san wa ya kamata a gani. In anka nuna dangin ango minti 20, dangin amarya minti 2, to an kunna wutar da za ta daɗe ba ta mutu ba. In kishiyar uwar amarya, wadda ta kwana a bakin murhu, ba ta fito ko sau 1 ba, ku da kanku kun san abin da za a ce. Baƙon da anka ɗauko daga Yamai, kilomita wajen 180, ko da kayan aikinsa sun fi na kowa tsada, bai san wace ce uwar goyo ba, bai san wace ce alwanka ba.

Yanzu mu zo ga kuɗɗi. Farashi ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma na gari ba ɗaya yake da na ƙauye ba, don haka misali kawai za mu ɗauka. A ce mai kamara ya nemi jikka 30. Macen da ke zubin dala 100 kowane mako, sai ta yi mako 60 tana zubi kafin ta tara wannan. Fiye da shekara ke nan. Rancen asusu kuwa, tun da anka kafa tsarin Mata Masu Dubara a Maradi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, an gina shi ne bisa kuɗɗin da za su juya su dawo: ƙuli-ƙuli, tunkiyar kiwo, sarin wake. Bidiyo ba ya haihuwa. Ra'ayinmu a nan shi ne, wadda ke da niyya ta fara ware kuɗɗinsa tun ranar da anka sa rana, ko ta jira rabon asusu, ko ƙawaye su haɗa mata a matsayin gudummawar biki. Kada ta ci bashin da za ta sayar da akuya ta biya.

Kuma in za a biya, a yi magana tun farko, a gaban shaida. Mun saba rubuta zubi da rance cikin littafi, wannan ma a rubuta. Kwana nawa zai yi aiki, sa lalle ne da ɗaurin aure da kai amarya, ko har da buɗar kai? Nawa ne kafin alƙalami, nawa ya rage? Wace rana zai kawo aiki? Kada a biya duka kafin a karɓa. Mun ji ƙorafin matan da sunka biya tsaf, wata 3 ya wuce suna bin mutum, daga baya ya ce kati ya lalace. In an kawo, a kunna a kalla tun daga farko har ƙarshe kafin a cika masa kuɗɗi. A nemi ya sa aikin a kati ko kile, kada a yarda da wanda anka turo ta WhatsApp kawai, don yana rage kyan hoto. Sannan a kwafe shi wuri 2. Salula na faɗawa rijiya, yaro na goge abu da yatsa ɗaya.

Amma abin da ya fi kuɗɗi nauyi shi ne sutura. Ranar sa lalle da wankan amarya, cikin gida namu ne. Mata na cire mayafi, ana rawa, ana wasa tsakanin taubasai, tsohuwa na tashi ta taka don murna, matar aure na ba da ɗa nono a gefe. Da can abin da anka yi a nan, nan yake tsayawa. Yanzu mun buɗe ƙofa mun shigo da namiji baƙo riƙe da ido wanda ba ya mantuwa. Bayan shi kuma ga ƴan mata 10 kowace da salularta sama. Wani mai kamara, don tallar aikinsa, sai ya yanko wurin da ya fi daɗin kallo ya sa a TikTok ko Facebook, bai tambayi kowa ba. Miji yana can wurin ci-rani, sai abokinsa ya miƙo masa waya ya ce ba iyalinka ba ce wagga? Ba sai mun faɗa muku yadda irin wannan ke ƙarewa ba. Akwai matan da sunka daina zuwa biki, akwai waɗanda mazansu sunka hana, akwai waɗanda ke zuwa su zauna kamar gidan makoki, fuska rufe, don tsoron kamara. Biki ya rage armashi, kuma da kuɗɗinmu munka sayi hakan.

Ƙasarmu tana da doka tun 2019 kan laifukan da ake yi ta intanet, amma kafin magana ta kai gaban hukuma hoto ya riga ya zaga duniya. Rigakafin yana hannun uwar biki. Ita za ta ce wa mai kamara nan ka shiga, nan kada ka shiga. Ta haɗa shi da mace guda daga cikin dangi, mai ido da baki, ta riƙa nuna masa mutane, ta kuma tsayar da shi inda ya dace. A sanar da mata kafin a fara ɗauka, wadda ba ta so ta koma gefe, kuma ba laifi ta yi ba. A gaya masa a fili, a rubuta, cewa ba zai sa komi a intanet ba sai da yardar masu biki. Ƴan matanmu ma a ja musu kunne, don sau da yawa ɓarnar daga wayar ƴar gida take fitowa.

To, a nan ne muke son ku tsaya ku yi tunani da mu. Rabin biki, ko fiye, a cikin gida ake yin sa, wurin da namiji ke shiga da kunya mu kuma mu karɓe shi da ɗari-ɗari. Me ya hana mai kamarar ta zama mace? Kada wata ta ce ba aikin mata ba ne. Mariyama Hima ta ɗauki finafinai kan masu sana'ar hannu a Yamai tun shekarun 1980. Rahmatu Keita ta fitar da Zin'naariyâ a 2016, labarin wata budurwa da zancen aurenta. A'isha Maki, ƴar Damagaram, ta yi fim kan matan da ba su samu haihuwa ba, anka kalle shi a ƙasashe da dama, kuma mata sun buɗe mata cikinsu ne don ita ma mace ce. Waɗannan duk ƴan Nijar ne. Muna da ɗiya a Filinge, da Shikal, da Bonkuku, da Damana, waɗanda sunka yi lakwal har kwaleji sunka dawo gida suna zaune, kuma sun fi mu sanin salula nesa ba kusa ba. Yarinya irin wagga za ta shiga har ƙuryar ɗaki ba wanda zai ja mayafi. Ta san dangi, ta san abin kunya, kuma in ta yi ba daidai ba mun san ƙofar gidan uwarta.

Ba mu ce abu ne mai sauƙi ba. Riƙe waya daban, iya aiki daban. Sai ta koya wurin wanda ya iya, ta bi shi biki bayan biki tana riƙe masa fitila da jaka, ta koyi tsayar da hannu, ta koyi montaj, wanda shi ne mai cin lokaci. Aikin na kai wa dare, don haka sai da yardar uwaye ko miji, da ƴar rakiya. Kasuwar ma ba kullum take ci ba: bayan kaka da gabanin azumi ana rububi, da damina kuwa shiru, sai suna da walima. Kuma masu kamara maza da ke garin nan ba abokan gaba ba ne. Ɗaurin aure da taron ango nasu ne, cikin gida nata, aiki ɗaya ya ci mutum 2.

Ba sai an fara da babbar kamara ba. Salula mai kyan hoto, da ƙafar da ake ɗora ta, da ƙaramin makirufo, da fitila mai caji, da batirin ajiya, da kati 2, sun isa a ɗauki suna ko sa lalle. Wannan rance ne mai juyawa, irin wanda akwatinmu ya sani. Ƙungiyar da ke da mata 25 ko 30 ba ta rasa biki ko suna kowane wata, ke nan masu sayen aikin suna nan zaune kan tabarma ɗaya ranar zubi. Sai dai a tsara: kayan na ƙungiya ne ko na yarinyar, wa zai biya in sun lalace, nawa za ta riƙa maidowa bayan kowane aiki. Kuma mu membobi kada mu ce ai ɗiyarmu ce, ta yi muna kyauta. Kyauta ita ke kashe sana'ar mace a garin nan, masu kitso da masu lalle shaida ne.

Muna roƙon shugabar kowace ƙungiya ta sa maganar nan cikin taron mako mai zuwa, bayan an gama zubi kafin a rufe akwati. Sakatariya ta rubuta bukukuwan da membobi ke da su daga yanzu zuwa azumi, da abin da kowace ta biya mai kamara bara, da sunayen ƴan matan da ke da sha'awar koyo. Ku riƙo takardun zuwa taron shugabannin ƙungiyoyi na gaba, mu haɗa lissafin wuri ɗaya.